Bango muke saya ko abin da ke ciki?

Mai Fensir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na fitar da ita. Kamfanonin komik na Amurka, wato masu buga littattafan labari cikin zane, sun mayar da bangon littafi shi ne haja, labarin da ke ciki ya koma ɗan rakiya. Littafi ɗaya zai fito da bango goma, ashirin, kowanne da mai zanensa. Ka ga bango ya ɗauke maka ido, ka buɗe ciki ka tarar wani hannu ne daban, zanen gaggawa, fuskokin mutane duk iri ɗaya. Lokacin da Marvel, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan, ta fitar da Star Wars lamba 1 a 2015, bangon da aka yi masa ya kai wajen 100. Littafi guda fa! Ni a wurina wannan ba girmama zane ba ne, tatsar masoya ce. Wanda yake da wata fahimta ya zo ya fahimtar da ni.

Sarkin Bango:
Wa alaikumus salam Malam. Na ji ka, amma ka yi wa bango rashin adalci. Tun asali bango da ciki ba dole ne su zama hannu ɗaya ba. Amazing Fantasy lamba 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, Steve Ditko ne ya zana labarin, amma bangon da duniya ta sani, wanda yake lilo da zare ya rungumo wani mutum a hammata, fensirin Jack Kirby ne. Akwai wanda ya taɓa cewa an cuce shi? Zanen bango sana'a ce mai zaman kanta. Dave McKean bai zama mai zanen cikin Sandman na kullum ba, amma shi ya yi bangon dukkan fitowa 75, kuma da bangon nan mutane suke gane littafin daga nesa.

Mai Fensir:
Yauwa, ai misalanka ma ni suke mara wa baya. Bangon Kirby yana nuna maka wanda za ka haɗu da shi a ciki. Na McKean yana sa ka cikin yanayin labarin tun kafin ka buɗe. Kai dubi Watchmen na Dave Gibbons: bangon kowace fitowa shi ne hoton farko na labarin, kana buɗewa sai ka ga an ja baya kaɗan daga abin da ka gani a waje. Ko bangon George Pérez na Crisis on Infinite Earths lamba 7, Superman yana kuka ɗauke da gawar Supergirl, sauran jarumai sun cika baya sun yi jugum. Abin da ya faru a ciki ke nan. Na yanzu kuwa? A zana jarumar da ko ƙeyarta ba ta cikin labarin, ta tsaya ta juya baya tana kallonka, shi ke nan an gama.

'Yar Karatu:
Wallahi wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mini rai. Tsayuwa iri ɗaya, kwankwaso a murɗe yadda jikin ɗan'adam ba zai iya ba. Kuma bangon ba ya faɗa maka komai game da abin da za ka karanta.

Sarkin Bango:
Yaya 'Yar Karatu, akwai irin waɗannan, ban musa ba. Amma akwai Peach Momoko, 'yar Japan, da ruwan fentinta mai laushi, wadda ko ba ta sa hannu ba kana gani ka san ita ce. Ta bango mutane da yawa suka santa, kuma ta nan ta kai ga Marvel ta ba ta dama ta rubuta ta zana nata labarin. Da babu wannan kasuwar ta bango iri-iri, masu zane nawa ne za su samu ƙofar shiga? Shafi ashirin a wata aiki ne mai karya baya. Bango ɗaya kuwa mutum zai zauna ya ba shi haƙƙinsa.

Ɗan Tara:
Bari in yi bayanin yadda abin yake tafiya, don wasu a nan ba su sani ba. Akwai bangon da ake kira ɗaya cikin 25, ɗaya cikin 50, ɗaya cikin 100. Ma'anarsa, sai mai shago ya yi odar kwafi 100 na bangon yau da kullum kafin a ba shi izinin ɗaukar kwafi ɗaya na bangon musamman. To shi kuma dole ya ɗora wa wannan ɗayan kuɗi mai yawa don ya fanshe asarar waɗanda suka yi kwantai. Kamfani ya rubuta a lissafinsa cewa littafi ya sayu, alhali yana jibge a bayan kanti. Ni mai tarawa ne, ina sayen irin waɗannan in sun burge ni, amma gaskiyar Mai Fensir ce, ƙarancin nan ƙirƙirarsa ake yi.

Baba Mai Akwati:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don wannan rawar an taɓa takata, kuma na ga yadda ta ƙare.

A 1990 Todd McFarlane ya fitar da Spider-Man lamba 1, aka sayar da kwafi sama da miliyan 2. Shekarar da ta biyo, Rob Liefeld ya zo da X-Force lamba 1 a cikin leda, kowace leda da katin hoto ɗaya daga cikin biyar, don mutum ya sayi kwafi biyar ya haɗa katunan, ya ƙara na shida na karantawa. Sai Jim Lee da X-Men lamba 1, bango huɗu da suke haɗuwa su zama hoto ɗaya in ka jera su, da na biyar mai naɗewa wanda ya tattara su duka. Kwafi wajen miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman, aka sa littafin a baƙar leda, mutanen da ba su taɓa karanta komik ba suka yi layi suna saye don su ajiye wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Ana ta bango mai ƙyalli, bango mai ƙarfe-ƙarfe, bango mai hoton da ke motsi in ka karkata shi.

Me ya faru? Superman ya dawo da ransa kafin shekara ta zagayo. Masu neman riba suka gane abin da suka ɓoye kowa ma ya ɓoye irinsa, suka watse. Shaguna suka yi ta rufewa, kuma a watan Disamba 1996 Marvel da kanta ta shiga kotu neman kariya daga masu binta bashi. Akwai wasu dalilan, basussukan masu kamfanin na ciki, amma fashewar wannan kasuwa ta taimaka ƙwarai.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne dalilin tsadar tsofaffin. Action Comics lamba 1 na 1938, inda Superman ya fara bayyana, santi 10 aka sayar da shi, a kan takarda mai arha irin ta jarida. Yara suka karanta, suka naɗe suka sa aljihu, suka yi musanye. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi ta tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, iyaye mata kuma suka share ɗaki suka zubar da sauran. Ba wanda ya ɗauke shi dukiya, shi ya sa kaɗan suka tsira, shi ya sa kwafi ɗaya ya kai dala miliyan 6 a gwanjo a 2024. Abin da aka buga miliyan 8 kowa ya sa a leda tun ranar farko, ta ina zai yi ƙaranci?

Ɗan Tara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan bayanin ya kamata a maƙala shi a saman zauren nan.

Sarkin Bango:
Na yarda da tarihin Baba, amma kada a manta wani alheri ya fito daga wancan zamanin. Da masu zanen suka ga sunansu ne ke sayar da miliyoyi, su bakwai suka bar Marvel a 1992 suka kafa nasu kamfanin, Image: McFarlane, Lee, Liefeld, Erik Larsen, Marc Silvestri, Jim Valentino da Whilce Portacio. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da abinsa. Har yau McFarlane ne mai Spawn. Son da masoya suka nuna wa hannun mai zane, shi ya ba su ƙarfin yin haka.

'Yar Karatu:
Tunda an shigo maganar tarawa, ni ga inda nake da ja. Littafin da aka kulle a cikin roba mai tauri, aka liƙa masa lamba a sama, ba a sake buɗe shi har abada, shin littafi ne har yanzu? Mai zane ya yi kwanaki yana tsara yadda idonka zai bi shafi, inda zai ɓoye abin mamaki sai ka juya takarda, sannan a rufe duka a bar maka gaba da baya kawai. Wannan al'adar ce ma ta ƙara wa bango girman kai, tunda a cikin robar shi kaɗai ake gani.

Ɗan Tara:
Yaya, bari in kare robar nan kaɗan. Kafin a kafa CGC, kamfanin da ke tantance lafiyar littafi ya kulle shi a robar, a shekarar 2000, mai sayarwa zai ce maka littafinsa kamar sabo ne, ya iso hannunka ka ga an shafa baƙar tawada a inda launi ya goge, ko an datse gefe da reza don ya yi kaifi. Wa za ka kai ƙara? Yanzu akwai ma'auni daga 0.5 zuwa 10, ana ƙirga shafuka, ana duba ko an yi gyara, in an yi a ba shi tambari mai launin shunayya daban da shuɗin da aka saba. Ga misali: Incredible Hulk lamba 181 na 1974, inda Wolverine ya fara fitowa sosai. A cikinsa akwai wani ɗan hoto kamar kan sarki da Marvel ta ce yara su yanke su tara. Yara da yawa sun sa almakashi sun yanke. Daga waje littafin lafiya lau, sai ka buɗe ka ga rami a shafi. In za ka sayi irin wannan daga wata ƙasa ba ka gan shi ba, dole kana son wani amintacce ya duba maka.

'Yar Karatu:
Wannan na fahimta, ga tsohon littafi mai rauni. Amma wanda ya fito makon jiya fa? Mutum ya saya, ko buɗewa bai yi ba don kada ƙashin bayan ya tsage, ya aika a kulle. Sannan a zo ana rigima a kan 9.8 da 9.6, bambancin da sai ka karkata littafin a gaban fitila kafin ka ga ɗan farin ɗigo a gefe.

Ɗan Tara:
A nan kam ba ni da abin cewa. Ni ma tsofaffi kaɗai nake kullewa, kuma ina neman sabon bugu na labarin in ajiye a gefe don karatu. Marvel da DC, kamfanin Superman da Batman, duk suna sake buga tsofaffin fitowa yadda suke, har da tallace-tallacen ciki.

Mai Son Manga:
Ni duk wannan rigimar mamaki take ba ni, don a Japan hanya daban aka bi. Mujallar Shonen Jump tana fitowa duk mako, ƙatuwa, a kan takarda mai arha, a karanta a jefar. Wanda yake son labarin ya jira a tattara shi a ƙaramin littafi. Kuma mai zane ɗaya ne da mataimakansa daga farko har ƙarshe. Eiichiro Oda yana kan One Piece tun 1997, shi ke bango shi ke ciki. Ba za ka taɓa buɗewa ka ga baƙon hannu ba. Can ma ana yin bango na musamman jefi-jefi, amma bai zama ginshiƙin kasuwa ba.

Sarkin Bango:
Gaskiya ne, amma ka faɗi kuɗin da jikinsu ke biya. Shafuka kusan ashirin duk mako, shi ya sa kake yawan jin an dakatar da labari saboda mai zane ba shi da lafiya. Kowane tsari da inda yake ciwo.

Ƙaramin Ɗalibi:
Yayyena, ni sabon shiga ne. Tambayata, in aka ce a zaɓi mai zane ɗaya, wa za ku zaɓa? Ni Alex Ross ne ya jawo ni. Da na ga Kingdom Come sai na ji kamar mutanen nan suna numfashi.

Mai Fensir:
Ƙanena, ka shigo ta ƙofa mai kyau. Ross yana tsayar da mutane na gaske ya ɗauki hotonsu, sannan ya yi fenti da hannu, shi ya sa kake ganin yamutsewar riga da furfurar Superman. Marvels na 1994 da Kingdom Come na 1996 duk abin ajiyewa ne. Amma ni Kirby zan ɗauka ko da yaushe. Mutanen Ross suna tsaye ne a kalle su, na Kirby suna tahowa kanka. Dubi hannun da yake zanawa, yatsu masu kusurwa huɗu, an miƙo shi gaba har ya fi kan mutumin girma. Dubi baƙaƙen ɗige-ɗigen da yake tarawa don ya nuna wuta ko ƙarfin sararin sama. Naushi ɗaya a shafinsa, sai ka ga ƙafafun mai naushin sun buɗe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shi da Joe Simon suka yi Captain America yana naushin Hitler a bango, watanni kafin Amurka ta shiga yaƙin. Shi ya zana Fantastic Four a 1961, ya zana Black Panther a 1966, ya koma DC a 1970 ya ƙirƙiri Darkseid.

Baba Mai Akwati:
Kuma in kana yabon Kirby ka tuna da Joe Sinnott, wanda ya bi fensirinsa da tawada a Fantastic Four. Ka ɗauki shafin da Sinnott ya yi wa tawada ka ajiye kusa da na Thor da Vince Colletta ya yi, za ka rantse mutum biyu ne suka zana. An san Colletta da goge wasu abubuwan bayan fage don aiki ya yi sauri. Masu tawada da masu sa launi, irin su Marie Severin, ba a cika ambatonsu ba, alhali rabin abin da ido ke gani nasu ne.

Sarkin Bango:
Ni Brian Bolland. Layinsa tsaf, ba ɗigo ɗaya da ya zauna a banza. Joker, abokin gabar Batman, da ya zana riƙe da kyamara a bangon The Killing Joke ya isa shaida. Shi ma, Mai Fensir, yawancin aikinsa a Amurka bango ne, ka ga dai.

Mai Son Manga:
Ba wanda zai ce Liefeld?

'Yar Karatu:
Ana yawan yi masa dariya a kan ƙafafun da yake ɓoyewa da aljihunan da yake jera wa jarumai, kuma gaskiya ginin jikin mutanensa ba daidai yake ba. Amma yaran wancan lokacin ba wawaye ba ne. Akwai zafi a shafinsa da ya kama su, kuma shi da Fabian Nicieza suka kawo Deadpool. Ba na cikin masoyansa, amma ba zan raina wanda ya so shi ba.

Mai Fensir:
Bari in dawo da mu kan abin da ya sa na buɗe maganar nan, don akwai ɓangaren da ya fi bango yi mini ciwo. Baba ya ambaci dala miliyan 6. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, dala 130 aka ba su suka sallama shi. Shuster ya tsufa idonsa ya kusa mutuwa yana cikin talauci, sai a 1975, bayan masu zane irin su Neal Adams sun tayar da ƙura, aka yanka musu dala 20,000 a shekara aka mayar da sunansu kan littafin. Bill Finger, wanda ya yi rabin aikin ƙirƙirar Batman ko fiye, ya rasu a 1974, ba a fara sa sunansa tare da na Bob Kane ba sai 2015. Kirby ya yi shekaru yana fama da Marvel a kan ta dawo masa da ainihin shafukan da ya zana da hannunsa, kuma abin da aka ba shi a 1987 kaɗan ne daga abin da ya zana. A 2022 shafi ɗaya na Mike Zeck daga Secret Wars lamba 8, inda Spider-Man ya sa baƙar riga, ya haura dala miliyan 3 a gwanjo. Duk lokacin da irin wannan kaya ya sauya hannu tsakanin masu tarawa, kuɗin tsakaninsu yake yawo. Muna cewa muna son masu zane, amma kuɗinmu mafi yawa yana tafiya inda ba su.

Ɗan Tara:
Wannan ba ta da amsa, Malam. Abin da nake yi dai, in mai zane yana raye yana sayar da shafukansa ko yana karɓar aikin zane kai tsaye, gara in saya a wurinsa. Kuma ko a nan bango iri-iri yana da ɗan amfani, don ainihin zanen bangon yakan koma hannun mai shi ya sayar da kansa.

Sarkin Bango:
To ka ga mun haɗu a tsakiya. Ni ban ce a yi bango 100 ba. Biyu ko uku, a kan kuɗi ɗaya, kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa, a rubuta sunan mai zanen ciki ɓaro-ɓaro a gaba don kada a ruɗi kowa.

Mai Fensir:
In haka ne ba ni da ja. Wanda nake ƙi shi ne na ɗaya cikin 100.

Ƙaramin Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Tambaya ta ƙarshe Baba: 'yan waɗanda na fara tarawa na lura gefen takardarsu ya soma yin ruwan ƙasa. Yaya zan adana su ba tare da na kulle su ba? Ina son in riƙa karantawa.

Baba Mai Akwati:
Ɗana, abokan gabarka uku ne: rana, laima da zafi. Rana tana cinye launi, ja ne ke fara tafiya. Laima tana sa ƙananan ƙarafan da suka ɗinke littafin su yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda ta bar tabo a tsakiya. Ka samu ledar da aka yi don komik da farin kwali marar sinadarin da ke ƙona takarda, ka sa kwalin a baya, ɓangarensa mai santsi yana kallon littafin. Ka jera su a tsaye cikin akwati, kada su matse kada kuma su kwanta, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, nesa da bangon ɗaki mai tsattsafo. In za ka fito da littafi, ka cire salatif ɗin bakin ledar gaba ɗaya tukuna, don shi ne ke kama bango ya ɗaye launi. Ka wanke hannu ka shanya, ka ɗora littafin a tafinka, kada ka naɗe bangon baya. Ledar ma tana tsufa, in ka ga ta yi yauƙi ko ta soma rawaya ka sauya ta. Ruwan ƙasan da ya riga ya hau ba ya komawa, amma za ka rage masa gudu. Wane littafi ne ya fi yin duhun? Turo hotonsa mu gani, da na tsakiyar inda ƙarafan suke.